Ruwa a cikin baƙin mai: ba kullum gasket ne ba

Da zarar noman rani ya kankama a fadamun Argungu, Augie da Suru, garejinmu na Birnin Kebbi ba ya rabuwa da ƙananan taraktoci. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a nan Kebbi a shekarar 2015 shinkafa ta zama abin yi, wanda duk ya sami hali sai ya sayi ɗan tantan ɗinsa, ya yi haro a gonarsa, ya kuma bayar haya. A cikin matsalolin da ake kawo mana, wadda ta fi cinye wa mutane kuɗi a banza ita ce ruwan lagireto ya shiga cikin baƙin mai. Dalili kuwa, tun daga gona an riga an yanke hukunci. Direba ya ce gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof (kan injin) da bulok (gangar jikinsa), mai mota ya ce gasket ne, bakanike ya kwance tof ya sa sabo ya karɓi kuɗinsa. Ba a jima ba mai ya sake yin fari.

Alamar ba ɓoyayya ba ce. Ka zaro geji, sandar awon mai, ka ga mai ya koma launin kunun gyaɗa, ya kuma haura layin da ka bar shi, alhali ba ka ƙara ko ɗigo ba. Lagireto kuma kullum sai an ƙara masa ruwa, ka duba ƙasa ba ka ga inda yake zuba ba.

Amma kafin a taɓa sifana sai a tabbatar ruwan lagireton ne. Ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin da ake zuba mai, shi kaɗai ba hujja ba ne. Lokacin hunturu, injin da ba ya ɗaukar zafi sosai yakan tara gumi a nan, balle ma wanda aka cire wa tamostat, abin da ke tsare ruwa har injin ya ɗau zafi, ɗabi'ar da na rasa wanda ya koya wa mutanenmu. Akwai kuma ruwan waje: salansar tarakta sama take kallo, in an bar ta a buɗe ruwan sama ya sauka, ko kuma an tsunduma motar cikin fadama har ruwa ya kai bakin geji. A irin wannan, ruwan lagireto yana nan yadda yake bai ragu ba. Abin da nake yi shi ne in bar motar ta kwana ba a tayar ba. Da safe in sassauta notin juye mai a hankali, ba tare da na cire shi gaba ɗaya ba. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya, shi zai fara ɗigowa. In kore ne ko ja, launin kulant, ruwan magani da ake zubawa a lagireto, to magana ta ƙare.

Daga nan kada a ƙara tayar da ita, ko da kadada ɗaya ce ta rage a gama. Man da ya haɗu da ruwa ba ya riƙe santsinsa, mital ɗin da karanshaf, wato babbar sandar injin, ke juyawa a kai shi ke fara ci. Kulant ya ma fi ruwa zalla ɓarna a nan, domin sinadarin gilaikol da ke cikinsa in ya dahu da mai yana zama dunƙule mai danƙo, ya toshe filta da hanyoyin mai. In kuwa ruwan ya taru a kan fistin, ruwa ba ya matsuwa, bugun sitata ɗaya ya isa ya lanƙwasa konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Shi ya sa in na ji injin ya cije, nozul, masu fesa gas cikin silinda, nake fara cirewa, in juya shi da hannu in ga ko wani rami zai tofo ruwa.

Hanyoyin da ruwa ke bi ya iske mai suna da dama. Gasket na ciki, gaskiya ne, kuma shi ya fi yawa in motar ta taɓa tafasa. Tof ɗin kansa yana tsagewa, galibi tsakanin bawul da bawul. Injin da ke da kular mai, wato akwatin da ruwa ke sanyaya mai a cikinsa, tana iya hujewa. Ita tana da wata alama tata, domin lokacin da injin ke aiki ƙarfin mai ya fi na ruwa, sai ka tarar da mai yana yawo a bakin lagireto, in an kashe kuma ruwa ya koma wajen mai. Sai silif, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. Injunan John Deere da yawa jiƙaƙƙen silif gare su, ruwa na taɓa jikinsa kai tsaye, robobi ne a gindinsa ke tare ruwan kada ya gangara botom filet, kaskon da mai ke taruwa a ƙasan injin. Robobin na tsufa, shi kansa silif ɗin girgizar fistin tana sa ƙananan kumfa su riƙa fashewa a jikinsa har su huda shi. Perkins 4.236 da ke cikin tsofaffin Massey Ferguson busasshen silif ne, ba ruwansa da waɗannan robobi. Ka ga ke nan sai ka san injin da ke gabanka kafin ka fara zargi.

Kwanakin baya wani dattijo ya kawo mana ƙaramar mota mai silinda uku daga wajen Augie, a bayan babbar mota. An canja mata gasket a wani wuri, ruwa bai daina ba, har an fara ce masa bulok ya tsage sai dai ya nemi wani injin.

“Malam, ka sa mata gasket mai kyau kawai, na ji an ce wancan jabu ne,” in ji shi.

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri mu ga ruwan da idonmu tukuna.”

Muka juye mai, muka sauke botom filet, muka buɗe murfin bawul. Muka cika lagireto, na ɗaura famfon gwaji a bakinsa na buga iska daidai abin da aka rubuta a kan murfinsa, 0.9, wato iyakar matsin da yake ɗauka. Ba a wuce wannan adadi, in ba haka ba kai ne za ka fasa lagireton. Allurar famfon ta fara sauka a hankali. Na sa yarona ya kwanta ƙarƙashi da tocila. Abin da yake nema shi ne inda ɗigon ke fitowa: in daga gindin silif ne to robobi ne, in ta cikin silinda ya biyo gefen fistin to sama ne, gasket ko tof. Sai ya ce, “Maigida, ta ramin da mai ke gangarowa yake zuwa.” Na leƙa sama. Tsakanin sifirin ɗin bawul akwai wata ƙaramar toshiya ta ƙarfe, zagayayya, irin wadda ake toshe ramukan da aka bari lokacin zubin tof. Tsatsa ta cinye ta daga ciki, ta yi huda wadda da ƙyar tsinin allura zai shiga, ga ruwa yana tsattsafowa yana taruwa yana bin hanyar mai. Na kira dattijon ya sa tabarau ya gani da kansa. Muka fitar da ita, muka goge gurbin, muka shafa gam muka buga sabuwa. Sauran 'yan'uwanta ma muka canja su, tunda ruwa ɗaya suka sha. Ba mu kwance tof ba sam.

In gwaji ya nuna gasket ne, wanda sau da yawa za ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto in injin na aiki, ga farin hayaƙi a salansa, to a yi aikin yadda ya kamata. A goge fuskar tof da ta bulok tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a zura filageji, siraran ƙarafan awon tazara, a ga ko ta kantare. A littafin wasu ƙananan injuna, abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 ba, abin da ido ba zai taɓa gani ba. In ta wuce sai wajen masu injin gogewa, a kuma roƙe su su gwada ta ko akwai tsaga. Wajen ɗauri, daga tsakiya ake farawa a yi waje, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo, a kan adadin da littafin motar ya faɗa. Ɗaurin da ake yi da dogon bututu, yaro ya rataya a kai har sai noti ya yi ƙara, shi ke dawo mana da rabin motocin nan.

Bayan gyara saura wanki. Ruwa na maƙalewa a lunguna, juyewa ɗaya ba ta fitar da shi. A zuba mai mai sauƙin kuɗi da sabuwar filta, a bar injin ya yi zafi, a juye, sannan a zuba na ƙwarai da wata filtar. Tunda botom filet a sauke yake, nakan kwance mital ɗaya ko biyu in duba. In jan ƙarfe ya fara leƙowa, gara a canja yanzu.

Na tambayi direban dattijon wane ruwa yake zubawa. Ya ce wanda ya samu, na gulbi ko na tiyon ban ruwa. Mutane na ganin kulant na ƙasashen sanyi ne, mu da ba mu san ƙanƙara ba me za mu yi da shi. Alhali maganin tsatsa da ke cikinsa shi ne abin da toshiyar nan ta rasa, shi ne kuma ke kare jikin silif. Ruwan gulbi na zuwa da laka, na rijiya da gishirinsa, duka suna kwanciya a cikin bulok. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai 0.9 yana kai shi kusan 118, kuma a zafin Maris da Afrilu na Kebbi wannan tazarar ake buƙata. Wanda ya toshe bakin da leda ko tsumma ya yar da ita. In motar na aiki kusa da inda ake casar shinkafa, ƙaiƙayi na liƙe fuskar lagireto cikin yini guda, sai a hure shi da iska daga baya zuwa gaba kowace yamma. Dattijon dai na sa ya sayi kulant muka haɗa rabi da rabi da ruwa mai tsabta, na kuma ce wa direban ya riƙa zaro geji kowace safiya kafin ya tayar, in ya ga mai ya motsa daga layinsa ya kira ni.