Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littafin Aro

Makon jiya na tsaya a inda malamin Faransancin ƙanwata ya aiko mini da littafi ta hannunta. Abin da na fara yi, na karkaɗe shi shafi-shafi. Babu wasiƙa a ciki. Sai da na gama karkaɗewar na gane abin da nake nema, kunya ta rufe ni ni kaɗai a ɗaki.

Lokacin mijina Alhaji yana hanya. Yakan yi lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, ya ratsa Garwa da Marwa, ya bi ta Kuseri ya haye Njamena, sai in yi mako biyu ban sa shi a ido ba. Watan Afrilu ne, zafin Garwa kuwa wanda ya sani ya sani. Kowa na kwance a tsakar gida, ni ina gefe da fitilar waya.

Sunan littafin La Princesse de Clèves. Madam Lafayet ce ta rubuta shi, ya fito a 1678 ba tare da sunanta a jiki ba. Faransancina na wadda aure ya cire daga lise ne, wato sakandare, ina yi ina tuntuɓe, amma labarin bai ɓace mini ba. Yarinya ce cikin shekararta ta 16, aka kai ta fadar Sarki Hanri na Biyu, ta auri mutumin kirki mai sonta kamar ransa. Ita kuwa girmama shi take yi, iyakarta ke nan. Sai a wani bikin rawa na fada ta haɗu da wani basarake mai suna Namur. Babu abin da ya shiga tsakaninsu. Wata rana dai ya ɗauke ƙaramin hotonta tana kallo, ta yi shiru. A nan na rufe littafin na daɗe. Na san irin wannan shirun. Shi na yi ranar da malamin ya tsaya a zaure yana tambayar ƙanwata, alhali ya san tana islamiyya.

Wurin da ya hana ni barci shi ne inda ta durƙusa gaban mijinta ta ce ya bar ta nesa da fada, domin zuciyarta ta karkata ga wani. Ba ta faɗi suna ba. Mijin ya yaba gaskiyarta, amma daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ya sa a bi masa sawun Namur, aka kawo masa labarin da ya fassara yadda kishi ya so, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya mutu. A gabatarwar littafin an ce tun shekarar da ya fito wata jarida mai suna Mercure Galant ta tambayi masu karatunta ko matar ta yi daidai da ta faɗa. Ashe ba ni na fara wannan tunanin ba.

Washegari na tafi Yelwa wurin Gwaggo. Na tarar tana tsinkar yakuwa, na zauna ina taya ta, na ba ta labarin a matsayin na wata baturiya ta zamanin da.

"Ta faɗa wa mijin? Da bakinta?"

Na ce e, Gwaggo, ai gaskiya ta faɗa.

"Gaskiyar me? Ke 'yar nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kaya ya yi mata nauyi, ta sauke ta ɗora wa bawan Allah. Ita ta ji sanyi, shi ya tafi kabari."

Na ce to amma ko bayan rasuwarsa ta ƙi auren Namur. Ta gaya masa tana sonsa, ta kuma ce ba za ta auri wanda ya zama sanadin mutuwar mijinta ba. Akwai dalili na biyu, wanda ni ya fi shiga raina: tana tsoron son nasa shinge ne ke rura shi, ranar da ya same ta zai huce. Gwaggo ta taɓe baki. Ta ce Annabi Yusuf, alaihis salam, da matar Aziz ta kulle ƙofofi, bai tsaya dogon bayani ba, ƙofa ya nufa a guje har rigarsa ta yage ta baya.

Ban yarda da Gwaggo duka ba, har yau. Tsofaffinmu sun iya haɗiye magana, kuma na ga matan da haɗiyar ta cinye. Amma ban sami amsar ba ta ba.

Ta juye yakuwar a kwarya, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Wa ya ba ki littafin?"

Na ce na ƙanwata ne. Ta ce, "To, mayar wa ƙanwar taki yau."

Ban mayar ba. Na ce bari in sake karanta shafukan ƙarshe.

Daren Laraba, kwana uku kafin ranar da nake zato, na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Alhaji ya shigo duk ƙura, da ƙullin kilishi da turmin atamfa. Ya yi wanka, ya ci tuwo, ya janyo matashi zai kishingiɗa, littafin ya faɗo. Alhaji allo ya yi, bai yi boko ba. Ya juya shi, ya dubi hoton matar da ke bango, ya yi murmushi.

"Uwargida, karatu ya dawo ke nan? Barci bai zo ba tukuna. Ba ni labarin abin da ke ciki."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.