In kana son karanta lauya, tun daga SS1 ake fara shiri

'Yan JSS3 masu burin zama lauyoyi, don Allah ku shiga ajin Art, kuma kar ku yi wasa da litirecha. Yara da yawa gudunsa suke wai littattafan sun yi kauri, sai an zo cike JAMB hankali ya tashi, don jami'o'i irin su BUK da ABU na neman kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, shi da Turanci, kuma ba a yafewa. Ku haɗa da darasin gwamnati da IRK, mai sha'awar shari'ar Musulunci kuwa ya riƙe Larabci da kyau. Lissafi ma kar a yar, wurare da yawa na tambayarsa. Gaba akwai shekara 5 a jami'a, sannan makarantar lauyoyi irin ta Bagauda.