Kalmar da na sani ita ta kayar da ni

Takardar hayar fili ce ta shekarun 1950, shafi huɗu, bugun tafireta. Magada suka kawo mini in mayar musu da ita Hausa kafin su zauna da mai hayar. Kalmomin da suka ba ni tsoro ba su yi mini komai ba, don dole na buɗe ƙamus: "messuage" gida ne haɗe da filinsa da ɗakunan da ke kewaye, "hereditament" kuma duk dukiyar da ake iya gada.

Wadda ta kayar da ni ita ce "determine". Jimlar ta ce "the lessor may determine this lease by six months' notice in writing". Ko ɗan sakandare ya san kalmar: yanke shawara, tantancewa. Sai na rubuta cewa mai fili yana da ikon sake tsayar da sharuɗɗan haya in ya ba da sanarwar wata shida. Ashe kallon kitse nake wa rogo. A Turancin shari'a "determine" kawo ƙarshen abu take nufi, tushenta "terminus" na Latin, wato iyaka. Magadan suna da ikon soke hayar ɗungurungum, ni kuwa na nuna musu ƙarin kuɗi kaɗai za su iya nema. Wata uku suna ja-in-ja kan kuɗin haya, sai da lauya ya karanta asalin takardar ya tambayi wanda ya yi fassarar. Kuɗin aikin dai na mayar.

Abin haushi, ma'anar tana cikin ƙamusina, can ƙasa, da 'yar alamar "Law" a gefenta. Ni a ma'ana ta farko na tsaya.

Da na koma bin shafukan layi-layi sai na ga ramukan da Allah ya tsallakar da ni. "Demised premises" saura ƙiris in ce gidan mamaci, tunda "demise" mutuwa ce a Turancin yau, ga shi mai filin ya rasu. Wurin da aka bayar haya ake nufi. "Save" a nan ba ceto ba ne, "ban da" ne. "Let" a cikin "without let or hindrance" hanawa ce, kishiyar yadda muka san ta, kuma har yau tana rubuce haka a fasfon Birtaniya. Wasiƙun da ke maƙale da takardar suna da nasu: "inst." watan da ake ciki, "ult." wanda ya wuce, "prox." mai zuwa. Ka kuskure ɗaya, lissafin wa'adi ya goce da wata guda.

Alamomin ƙamus ma a kula da su. "Archaic" tsohuwar kalma ce da har yanzu ake ji a kotu ko coci ko waƙa, "obsolete" kuwa ta mutu. Ƙamusun Merriam-Webster ba ya cewa "obsolete" sai in babu shaidar an yi amfani da ma'anar tun 1755. Babban ƙamusun Oxford yana sa alamar † a kan matacciyar ma'ana, yana kuma jera misalai da shekarunsu, sai ka gwada da shekarar takardarka. Amma "determine" ta soke haya ba ta mutu ba, lauyoyi na rubuta ta har gobe, don haka ba wata alamar mutuwa da za ta tsayar da kai.

Yanzu duk aikatau da ya biyo bayan "shall" ko "may" sai na ja masa layi, in karanta bayaninsa har ƙasa, ko da na rantse na san shi. Ina kuma neman tagwaye, don tsofaffin lauyoyin Ingila suna son jera kalma biyu masu ma'ana ɗaya, irin "null and void". Ɗaya tana fassara ɗayar. A shafi na uku na waccan takarda akwai "cease and determine" ɓaro-ɓaro. Na karanta ta sau biyu a lokacin, na fassara "cease", na wuce.