Lahadi a bakin Binuwai

Garwa, Kamaru, ƙarshen watan Maris.

Yau zafi bai jira hantsi ba. Tun da muka dawo daga sallar asuba bango ke fitar da hucin jiya, kafin azahar ko ruwan randa ya yi ɗumi. Yaran nan nawa biyu sun ishi uwarsu da ƙiriniya, ita kuma ta hana su fita don kada su bi 'yan unguwa zuwa kogi. Dalilinta ba na wasa ba ne. Kusan duk rani sai an ji ruwa ya ci wani yaro, kuma sau da yawa a wurin da ake ganin bai kai ƙirji ba.

Bayan la'asar Kawu ya shigo da sandarsa, ya same su sun yi tagumi a zaure. Da ya ji abin da ke faruwa sai ya ce mata, "'Yata, ɗan Garwa ba ya rasa zuwa kogi. In bai je a gabanki ba zai je a bayan idonki, ranar kuwa ba mai riƙe masa hannu." Ta ce, "Kawu, ni dai tsoro nake ji." Ya ce, "Tsoronki na kan hanya. Shi ya sa ni da ubansu za mu kai su." Ba ta ƙara magana ba, ta ɗauko musu tsofaffin gajerun wanduna.

Mashin biyu muka hau daga Yalwa, muka sauka kusa da gada. A wannan lokaci na shekara Binuwai ya ja jikinsa tsakiya, ya bar yashi fili guda. Masu wanki sun shanya zannuwa suna jiran su sha iska, samari na buga ƙwallo da takalma a matsayin raga, wasu sanye da koriyar rigar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garin. Can gefe injin ban ruwa na ta ƙara a lambunan albasa da yakuwa, Fulani sun koro shanu shan ruwa. Wasu dattawa sun haƙa gidajen dara a ƙasa, suna gardama rabi da Fillanci rabi da Hausa. Iskar da ke tasowa daga ruwan kaɗai ta isa a zo dominta.

Kawu bai bar yaran sun tuɓe nan take ba. Shi ya fara shiga, yana dogara sanda a gabansa, taku ɗaya, dogarawa ɗaya. Ruwa na gwiwarsa, sai ya miƙa sandar gaba kaɗan, ta nutse har kusan hannunsa. Ya kira su su gani da idonsu. Ramin masu haƙar yashi ne. Suna nutsewa da bokiti, su cika kwale-kwale, a kwashe a mota a kai wuraren gini. Saman ruwan lafiya lau, ƙasan kuwa kamar bakin rijiya. Ya ce musu duk inda suka ga an ɗaure kwale-kwalen yashi, nan ba wurin wanka ba ne. Ya hana su kwantaccen ruwan da ke jikin ciyawa, inda katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama, ya ce su nemi inda ruwa ke gudu a kan tsabtataccen yashi. Sannan dorina: in an hango kunnuwanta, a fito, ba gudu ba ihu, kuma da yamma ta yi kada a tsaya tsakaninta da ruwa. Na girma a garin nan, amma yau na ji waɗannan abubuwa a jere daga bakin wanda ya san su da jikinsa.

Daga nan aka fara koyo. Mun ari jarkar da ba komai cikinta wurin wani mai wanki, babban ya rungume ta a ƙirji yana bugun ruwa da ƙafa. Kawu ya ce a zamaninsu gora ake kifawa a hau. Ƙaramin ya sha ruwa, ya yi tari, ya nemi kuka. Kawu ya tallafe masa ciki da tafin hannu yana cewa, "Sake jikinka, abokina, ruwa ba ya son mai taurin kai." Can na lura ya zare hannun, yaron bai sani ba, ya ɗan yi gaba shi kaɗai. Zuciyata ta buga, amma na kame bakina.

Da suka gaji muka zauna wurin wata mai suya, muka sayi karfasa ta jaka guda, da yaji da albasa a kai. Kawu ya nuna musu wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa. Yana saurayi, in ji shi, da damina ta cika kogi sai jirage su hauro daga Najeriya, ta Lakwaja da Yola, ɗauke da siminti da gishiri da mai, su koma da auduga da gyaɗa. Wata biyu zuwa uku ne kawai, don haka ana lodi dare da rana kafin ruwa ya janye. Yaƙin Biyafara da ya ɓarke a 1967 ya toshe hanyar, jirgin ƙasa ya iso Gaundare a 1974 ya kwashe kayan, sannan aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin a 1982. Tun daga lokacin, ya ce, kada wanda ya auna kogin nan da sararin sama kaɗai, domin in an buɗe ƙofofi can sama ruwa na iya ƙaruwa ba tare da an ga hadari ba.

Mutanen kudu suna da tekunsu a Kiribi da Limbe, suna ta ɗora hotuna a Facebook. Mu namu ke nan, kuma ba na raina shi. Ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗin shiga, ɗan mai kuɗi da almajiri ruwa ɗaya suke shiga. Abin da ke ci mini rai shi ne duk yawan jama'ar nan ban ga alama ko ɗaya a bakin rami ba. Masu yashi abincinsu suke nema, garin ma da yashinsu ake gina shi, ba na zarginsu. Amma yaron da ya zo shi kaɗai ba shi da Kawu mai sanda.

Bayan mun yi magariba a kan yashi na je wurin wani daga cikin masu yashin yana ɗaure kwale-kwalensa. Na yi masa sannu da aiki, na ce ni tela ne, ina da jajayen ƙyallaye cike da buhu a shago, ko zai yarda a kafa gora da jan ƙyalle a bakin ramin. Ya ce, "Malam, ai ramin ba ya zama wuri ɗaya. Yau nan, jibi yashi ya cike shi mun matsa gaba." Na ce to shi da ya san inda suka matsa, ya riƙa matsar da gorar. Ya ɗan yi tunani, ya ce in kawo ranar Talata da safe, zai yi wa 'yan'uwansa magana, amma gorar ni zan nemo, kuma doguwa, don gajera ba za ta kai ƙasa ba.