Famfon waje da hunturun Winifeg

A Winifeg, babban birnin lardin Manitoba na Kanada, ba a jiran dusar ƙanƙara ta sauka kafin a sallami famfon waje. Tun cikin Oktoba za ka ga maƙwabta suna kwance tiyo suna naɗewa. Ni da na taso a Katsina, inda fatanmu kullum famfo ya kawo, sai na tarar a nan ruwan da ya kwana a bututu shi ne abin tsoro.

Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, bututu kuwa ba ya miƙewa. Ƙanƙara ta toshe hanya, ruwan da ya maƙale ya rasa mafita, sai bututun ya tsage, sau da yawa can cikin bango. Abin haushin, ba lallai ka sani ba sai ranar da ya narke, ka iske ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya cika.

Wani dattijo ɗan Zariya da ya daɗe a garin shi ya nuna mini yadda ake yi. Muka sauka ƙasa, ya taɓa wani ɗan makulli a jikin bututun da ke fita waje, ya ce, “Ɗana, rufe wannan tukuna, sannan ka fita ka buɗe na wajen.” Na cire tiyon, na buɗe famfon, ruwan da ya rage ya tsiyaye, muka bar shi a buɗe. Cire tiyon nan fa ba wasa ba ne. In ka bar shi a maƙale, shi zai riƙe ruwan a bakin famfo. Bututun da ya ratsa gareji kuma muka sa masa rigar soso. Daga ranar alwala a tsakar gida ta ƙare sai watan Mayu.

Bututun gari ana binne su fiye da mita 2 a ƙasa, amma a hunturun 2013 zuwa 2014, wanda garin bai ga irinsa ba tun 1898, sanyi ya bi su har can. Dubban gidaje suka rasa ruwa, hukumar birni ta umarci wasu su bar famfo yana zuba ba dare ba rana. Mutanen nan har yau suna ba da labarin.

In bututu ya riga ya daskare, kada a kusance shi da wuta. Na'urar busar da gashi ta isa, a hankali.

Inda namu suka fi shiga uku shi ne tafiya gida a Disamba. Mutum ya kashe hita don rage kuɗin wata, alhali a waje sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Ni dai nakan bar hitar tana aiki, in rufe ruwan gidan gaba ɗaya, in ba maƙwabci makulli ya riƙa leƙawa. Kamfanonin inshora ma sukan gindaya wannan sharaɗin, don haka a karanta takardar kafin a sayi tikiti.