Adakar Baba da sikanar da na aro

Bayan sadakar arba'in ta Baba, Allah ya jiƙansa, Hajiya ta kira ni ɗaki ta nuna mini adakarsa ta ƙarfe. Ta ce, "Ka duba abin da ke ciki tun gara ba ta ƙarasa shi ba." Ina buɗewa warin tsohuwar takarda ya cika mini hanci. Takardun gidanmu na Gwammaja ne, da rasit-rasit na rumfarsa, sai kundin addu'o'in Kaka da ya rubuta da ajami, gefensa duk a ciccinye. Gabana ya faɗi, domin na tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, yadda wuta ta lashe dukiyar mutane a dare ɗaya. Mu kuwa ko kwafi ɗaya ba mu da shi.

Na aro sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta, wajen abokina mai shagon kwamfuta a Kabuga, na jona ta da laftof ɗina, na sauke manhajar NAPS2, wadda kyauta ce kuma tana haɗa shafuka da yawa su zama PDF guda. Da farko na sa ta a 600 dpi, a zatona yawa shi ne kyau. Dpi ɗin nan yawan ɗigon da na'ura ke ɗauka ne a kowane inci, to sai ga kowane shafi yana cin lokaci, fayil ya yi nauyin da imel ba ya ɗauka. Na dawo 300, rubutu ya fito tsaf.

Kala ce ta fi koya mini hankali. Na zaɓi fari da baƙi don fayil ya yi sauƙi, sai wasullan da Kaka ya sa da jar tawada suka haɗe da baƙin, wasu suka ɓace sam, shuɗin hatimin da ke kan takardar gida kuma ya koma dabbare. Duk takarda mai hatimi ko tsohuwar tawada, a kala ya kamata a ɗauke ta. Ga shi lokacin hunturu ne. Sai da na yi shafi wajen arba'in na lura da wani ɗigo a wuri ɗaya a kowanne: ƙura ce a kan gilashin. Na goge da ƙyalle mai laushi na sake daga farko, tun daga nan kuma ban ƙara barin murfin a buɗe ba.

Na gwada sa kwamfuta ta karanta takardun da ke da rubutun boko ta mayar da su rubutun da za a iya bincikawa. Ta yi ƙoƙari, amma "ƙasa" ta zama "kasa", "ɗaki" ya zama "daki". Ajamin Kaka kuwa ko kusa. Kowane fayil na sa masa shekara da abin da ya ƙunsa, na ajiye a filash, da Google Drive mai 15 GB kyauta, na tura wa Yaya a Zariya.

A zaman nan na yi wa ƙanwata sikanin takardun makarantarta. Abin takaici, tallafin karatun da take jira har aka rufe ba mu ji ba, saƙon ya nutse cikin tallace-tallacen bogi na WhatsApp. Abokin nan nawa ne ya nuna mini RSS. Tsohon tsari ne, tun 1999 yake: kana ba manhaja adireshin shafi, duk sabon abin da aka wallafa ya zo maka a jere, ba wanda ya zaɓa maka. Google ta rufe tata manhajar, Google Reader, a 2013, amma manhajoji irin su Feedly da Thunderbird suna yi. Shafukan da aka gina da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, galibi /feed kawai za ka ƙara a ƙarshen adireshin. Na zuba shafuka kusan talatin, cikin mako na gaji, na rage su zuwa shida, har da BBC Hausa. Kanun labarai kaɗai nake gani sai wanda na ga dama na buɗe, data ma ta fi daɗewa.

Wata safiya bayan asuba sanarwar sabon tallafi ta shigo. Na ƙwanƙwasa mata ƙofa na ce, "Ƙanwata, taso, ya fito." Takardunta na nan a folda tun hunturu, kafin Hajiya ta sauke koko mun tura.