Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsohon Injin Fere Katako

Makon jiya mun tsaya a inda aka sauke injin a ɗakin da na ware don aikin kafinta a gida. Injin fere katako ne mai tebur biyu, na gaba da na baya, wuƙaƙe suna juyawa a tsakaninsu suna daidaita fuskar katakon da aka turo. A jikinsa akwai sunan Wadkin, kamfanin da aka kafa a birnin Leicester na Ingila a 1897. Gaba ɗayansa ƙarfen zubi ne, sai da ƙarti suka yi gumi kafin ya motsa. Ni kuwa saboda nauyin nan na saye shi, domin ƙarfen zubi yana shanye girgiza, ba kamar injinan falle na yanzu da ke rawa da zarar an kunna su ba.

Da uwargida ta leƙo ta ga yadda tsatsa ta mayar da shi ja wur, cewa ta yi, "Maigida, wannan kuma gyara za a yi ko 'yan gwangwan za a kira?" Ban ba ta amsa ba, don ni ma jiran hukunci nake. Wanda zai yanke shi kuwa tsohon maigidana ne, wanda ya koya mini riƙe zarto tun ina yaro.

Da ya zo bai ko kalli fentin da ya ɓaɓɓake ba. Miƙaƙƙen ƙarfen awo ya nema, ya kankare tsatsa a wurare kaɗan, ya ɗora shi a kan tebur ta tsawo, ta faɗi, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa, yana duƙawa yana neman inda haske zai ɓullo ta ƙasa. Ya bi ƙafafu da haƙarƙarin ƙasan teburin da tocila yana neman tsaga.

"Baba, ya ka gani?"

"Ɗana, tsatsa ba ciwo ba ce. Da tebur ya lanƙwashe ko ya tsage, da na yi maka jaje. Wannan lafiyarsa ƙalau. Sai dai ka ajiye gudumar nan, kada in ƙara ganinta kusa da shi."

Gaskiyarsa. Ƙarfen zubi in aka buge shi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma waldarsa sai gwani.

Kwance injin ne ya fi cin lokaci, saboda notika. Injinan Ingila na wancan zamani da notika masu zaren Whitworth aka ɗaure su (zare shi ne murɗaɗɗen layin da ke jikin noti), tsarin da Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841. Kusurwar zarensa digiri 55 ce, ta notikan milimita da muka saba da su kuma digiri 60. A ido kamar ɗaya suke. Amma ka tilasta noti na zamani a ramin tsoho, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, ya cinye zaren da ke cikin ƙarfen. Sufanun milimita ma ba sa zama daram a kansu, sai su murje kan notin. Don haka kowane noti na kwance sai na ɗauki hotonsa a mazauninsa, na jefa shi a leda na rubuta inda ya fito. Waɗanda suka ƙi motsi na jiƙa su da man sassauta tsatsa, na bar su suka kwana, na ɗan ɗumama gefensu da wuta, sannan suka saki.

Ƙananan ƙarafa na cire musu tsatsa da lantarki: bokitin roba, ruwa da sodar wanki, da cajar batir mai bolt 12. Baƙar waya a jikin abin da ake wankewa, ja a jikin wani tarkacen ƙarfe, ba tare da sun taɓa juna ba. A fili ake yin wannan, domin iskar haidurojin da ke tashi tana kama wuta. Teburan kuwa ban yarda injin gurza ya kusance su ba, ko da yake an ba ni shawarar haka don sauri. Duk wanda ya yi hakan zai samu tebur mai ƙyalli da kwari-kwari, wanda ba zai ƙara fitar da katako a miƙe ba har abada. Reza na sa na kankare, sannan kalanzir da samfefa mai laushi a naɗe jikin lafiyayyen katako. Tabon da ya rage na bar shi, na shafe saman da kakin zuma.

Abin da ya hana ni barci shi ne kan wuƙaƙen. Wannan dunƙulen ƙarfe yana juyawa sama da sau 4,000 a minti, dab da yatsun mutum. Na yi sa'a nawa mulmulalle ne. Injinan da suka girme shi da yawa mai kusurwa huɗu suke da shi, wanda ke barin wawakeken gibi da kan ja hannu ciki, kuma irin wannan ko kyauta aka ba ni sai na canza shi. Boris ɗin biyu da kan ke juyawa a kansu sun bushe, giris ɗinsu ya daskare, in ka juya sai ka ji gurr. Lambarsu tana nan a gefe, da ita na samo sababbi daidai. Notikan da ke matse wuƙaƙe kuwa ɗaya bayan ɗaya na duba su, duk wanda kansa ya murje na fitar da shi daga aiki.

Yara sun matsa a yi fenti, har sun zaɓi launi. Na ce su dakata, tsohon fenti irin wannan yakan ƙunshi dalma, ba a gurza shi a busasshe inda suke wasa. Kuma akwai babbar magana a gaba: farantin da ke jikin moton ya nuna wuta mai layi uku yake ci, bolt 415, gidana kuwa layi ɗaya ne. Yadda muka ƙare da mai gyaran lantarki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.